Mun Koma Mayahi, Wannan Karon a Amalanke

  A taron shugabannin ƙungiyoyi da ya wuce an ce mu rubuta labarin komawarmu Mayahi, tunda da yawa cikinku kun ji labarin zuwanmu na fari, kuma kun san bai yi daɗi ba. To ga na biyun, yadda muka gani da idonmu, da abin da ya shiga akwati da wanda bai shiga ba tukuna.

Ga wadda ba ta san mu ba, mu 30 ne a ƙungiyarmu. Garinmu ƙarami ne, yana tsakanin Maijirgi da Tasawa, ba nisa da kwalta. Muna zubi kowace Laraba bisa tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka fara a nan jiharmu ta Maraɗi a 1991 da taimakon CARE, yau kuma ya kai ƙasashen da ƙafarmu ba ta taɓa takawa ba. Sana'ar yawancinmu man gyaɗa ne da ƙuli-ƙuli, kasuwarmu kuwa Tasawa ce ranar Lahadi. Sai dai duk wadda ke zama layin masu mai a Tasawa ta san yadda muka yi yawa: kwalba goma, mai saye ɗaya. Abin da ya sa muka fara hangen wata kasuwa ke nan. Mayahi tana arewa maso yamma da Tasawa, kasuwarta na ci ranar Litinin, kuma mun daɗe muna jin labarin girmanta.

Zuwan fari, cikin bazara

Bara a watan Mayu basussukan rani suka dawo, kuɗi suka taru a akwati. Ƙungiya ta fidda jari, aka sayi gyaɗa, mata suka kwana biyu suna suya da niƙa da matsa. Aka cika jarka 6, ga buhun ƙuli-ƙuli guda, aka wakilta mu mu uku. Muka shiga motar ƴan kasuwa da asuba.

Sau uku motar ta tsaya a hanya, sau ɗaya inji ya yi zafi, sau biyu rairayi ya riƙe ta sai da maza suka tura. Ba mu isa ba sai bayan azahar, rumfuna masu inuwa duk an kama. Muka baje kaya a rana. Iska mai zafi ta dinga ɗebo ƙasa tana zuba mana, muna rufe bakin jarka muna buɗewa.

Mutane kam akwai su, kuɗi ne babu. Kun san halin bazara: rumbu ya yi ƙasa, maza sun tafi ci rani, wasu Najeriya, wasu Agadas, wasu har Libiya, ɗan abin da ke hannun mace na hatsi ne da na iri. Mace za ta zo ta ɗanɗana ƙuli, ta yaba, ta sayi mai na dala goma ta wuce. Waken da muka yi niyyar sarowa kuwa ya yi tsadar da ba ya taɓuwa, don lokacin neman iri ne. Da la'asar sakaliya wani ɗan kasuwa ya zo ya tsaya bisa kanmu. Ya ga rana ta yi, ya ga ba mu da masauki, ya san motar ba za ta jira mu ba. Ya taya jarka huɗu yadda ya ga dama, haka ya kwashe su.

Muka dawo cikin dare, uwar kuɗi ba ta cika ba. Abin da muka gani na Mayahi a ranar bai wuce tasha da gefen kasuwa ɗaya ba. Maganar da ta yaɗu a garinmu ita ce, Mayahi ba ta da komai sai rairayi da iska.

Zaman da muka yi a gindin bedi

Bayan an yanke hatsi, an tuge gyaɗa, maganar ta sake tasowa a wurin zubi. Ƙungiya ta rabu biyu, kuma kowane ɓangare da hujjarsa. Ma'ajiyarmu, wadda ba ta wasa da dala ɗaya, ta dube ni ta ce, "Yaya, kuɗɗin nan ba na mutum guda ba ne. Akwai na zawarawa ciki, akwai na masu riƙon marayu. Ni dai ban yarda a sake kai su a bizne cikin rairayi ba." Ba wadda ta ce ta yi ƙarya.

Sai dattijuwar ƙungiya, wadda kowa ke ce wa Inna, ta gyara zama. Kakanta yana cikin mutanen da suka je Makka a ƙasa, ta Cadi da Sudan, shekara da shekaru suna tafe suna noma suna ƙwadago, har suka kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Daga nan ake ƙetarewa zuwa Jidda, a lokacin kuwa talaka jirgin ƙyalle yake shiga, wanda ba shi da inji, iska ke tura shi. Inna ta ce, "Ɗiyana, shina ba mu labari, in iska ba ta taso ta inda ake so ba, mai jirgi zama yake shi jira, ko kwana nawa ne. Bai cewa teku ta lalace. Ku kun tahi Mayahi ran da iska ba taku ba ce, kun dawo kuna zagin gari."

Malamar da ta koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci tana wurin, ta ƙara da cewa haka Larabawan Oman da Yaman suka yi ɗaruruwan shekaru suna fatauci da Mombasa da Zanzibar. Cikin watannin sanyi iska na kaɗawa daga arewa maso gabas, sai su bi ta su gangara da dabino da sauran kaya. Su zauna can su yi ciniki, sai iska ta juya bayan wasu watanni su kamo hanyar gida. Teku ɗaya ce, amma tana da lokacin zuwa, tana da lokacin dawowa.

Wata ta yi dariya ta ce mu da muke maƙwabtan Maijirgi, ai jirginmu bai wuce amalanke ba. Daga wasa sai magana ta zama gaske. A ƙarshe aka ɗaga hannu, masu cewa a koma suka rinjaya, amma da sharaɗi huɗu da aka rubuta a littafin ƙungiya: jari rabin na bara, tafiya bayan kaka, abin hawa namu na kanmu wanda ba zai tashi ya bar mu ba, kuma ba za a fita ba sai an san gidan da za a sauka. Ma'ajiya ta ce tunda haka ne da ita za a je, ta ga komai da idonta. Malama ta haɗa mu ta salula da wata ƙungiyar mata a wani ƙauye kusa da Kanambakashe, a bakin Gulbin Kaba. Muka nemi izinin mazajenmu, muka sanar da mai gari.

Daga gida zuwa Tasawa

Mun tashi ranar Juma'a da hantsi, a farkon Disamba, mu huɗu, da ɗan wata ƴar ƙungiya mai kora mana shanu biyu. Kayanmu jarka 3 na mai, ƙuli-ƙuli, harawar shanu, tukunya, garin tuwo, barguna, da tiyarmu ta awo.

Tasawa muka kwana, gidan ƴar uwar ɗayarmu. Kullum Lahadi muke shigowa garin, a gurguje, daga mota sai rumfa. Wannan karon mun same shi ranar da ba kasuwa, muka bi ta gefen tabkuna, muka wuce ƙofar fada, muka tsaya wurin masu kilishi, wanda sunansa ya kai har Yamai. Tsohon gari ne na fatake. A 1851 wani matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya iso nan tare da ayarin gishiri daga Abzin, ya rubuta labarin garin da kasuwarsa. Nasara ma a nan suka ajiye kumandan kafin su mai da shi Maraɗi a 1927. Wato tun kafin a san mota, masu raƙuma da jakuna da takarkarai ke shiga suna fita nan da kaya, kuma ba ayarin da ke tashi sai ya duba lokaci.

Cikin Gulbin Kaba

Asabar da asuba muka kama hanyar Mayahi. Sanyi ya sa kowa ta duƙunƙune cikin bargo, hazo ya rufe gabas. Tafiyar shanu ba ta da sauri, inda mota za ta yi awa guda mu sai mu wuni. Amma sannu ba ta hana zuwa, kuma wanda ke bisa amalanke yana ganin abin da na cikin mota bai gani.

Abu na farko da muka lura da shi itatuwa ne. Gonaki an girbe, karan hatsi a kwance, amma ko'ina ga gawo ya yi ganye shar, don shi da rani yake tofo, da damana ya kakkaɓe ya bar shuka ta sha rana. Ga kalgo, ga sabara, ga aduwa da magarya. Wannan aikin sassabin zamani ne da kuka sani, inda manomi ba ya tumɓuke kututture, sai ya zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya bar su su girma. Bara ta tagar mota ƙura kawai muka gani. Bana mun ga rumbuna sababbin ɗauri a bakin kowane ƙauye, mun ji lugude daga nesa, mun tsaya a rijiya mun shayar da shanu, mata suka tambaye mu daga ina, muka tambaye su nawa tiyar wake.

Da yamma ƙasa ta fara gangara, sai ga goriba ta ko'ina, dogaye masu rassa biyu biyu, a ƙarƙashinsu kuma kaba ta shimfiɗu iyakar ganinmu. Mun shigo Gulbin Kaba ke nan. Sunansa gulbi, amma ba ruwa ne ke gudu a ciki ba, tsohon kwari ne mai faɗi da ya fito daga wajen Najeriya, ya yi arewa ya bi ta Mayahi, ya karkata yamma. Tsakiyarsa makiyaya ce da burtali, garken Fulani da na Buzaye na bi suna kiwo, gonaki na gefe.

Matan ƙungiyar suka tare mu tun daga bakin gari. Shugabarsu, mace mai kamar shekarunmu, ta riƙe hannun Inna ta ce, "Marhabin da baƙi. Inna, ina gajiya? Ku sabka, gida kuka zo." Aka kawo ruwa, aka dama hura da nono mai kauri, aka ba shanunmu wuri. Ba a yi maganar ciniki ba sai bayan isha.

A nan muka ga sana'ar da ta riƙe matan gulbi. Kaba ita ce ƙaramar goriba, tsiron da ke fitowa daga ƙasa. Suna yanko ganyen, su shanya, su tsaga shi sili sili, wani su rina ja ko kore, wani su bar shi fari. Sai a saƙa doguwar ɗauri mai faɗin tafin hannu, a naɗe ta kamar gammo, in ta kai a ɗinke ta gefe da gefe ta zama tabarma. Da ita kuma ake tufka igiya, a yi faifai da mafici. Mace na hira hannunta na aiki, ko fitila ba ta nema. Wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba ta nuna wa ma'ajiyarmu yadda ake kama sili, ma'ajiya ta gwada, aka yi ta dariya.

Sun faɗa mana damuwarsu guda biyu. Ta farko, in ana yankan kaba ba hutu, har a taɓa zuciyarta, ba za ta taɓa tashi ta zama goriba ba, tsofaffin itatuwan kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Goriba na cikin itatuwan da doka ta kare, ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji, amma doka ba ta tsiro da sabon itace. Don haka a ƙungiyarsu sun yi alkawarin kowace ta sa a bar mata ƴan tsiro a gonar gidansu, ba yanka, har su fi ƙarfin bakin akuya. Sun kai mu mun gani, wasu sun kai tsayin mutum.

Ta biyu ita ce ta sa muka dubi juna. Shugabar ta ce, "Yaya, mu saƙa muka iya, kai kaya nesa ne ba mu iyawa. Mai saye na zuwa har ƙohwar gida, ya san ba mu da mai a miya, ya san ba mu zuwa Tasawa. Abin da ya ce shi ne kuɗɗi." Ashe abin da ya same mu bara da la'asar a Mayahi, su kullum shi ke samun su a ƙofar ɗaki. Kuma man gyaɗan da muke rasa mai saye a Tasawa, su sai ranar kasuwa suke samun sa, kwalba kwalba, da tsada.

Daren nan muka zauna da littafi biyu, namu da nasu. Muka bar musu jarka ɗaya a farashin sari, su sayar ludayi ludayi a ƙauyensu, ribar ta shiga akwatinsu. Su kuma za su tara mana tabarmi kafin mu dawo, a kuɗin da ya ɗara na mai zuwa ƙofar gida, ya kuma bar mana abin da za mu samu a Tasawa. Sakatariyarsu ta rubuta, tamu ta rubuta, aka karanta da ƙarfi kowa ta ji. Ranar mun ƙara sanin amfanin zaman da muka yi a ajin karatu.

Mayahi ranar Litinin

Lahadi muka ƙarasa Mayahi kafin magariba, tare da mata biyu na gulbi da suka raka mu, muka sauka gidan ƙanwar shugabarsu. Da gari ya waye, kafin motoci su fara isowa, mun riga mun kama wuri mai inuwa kusa da masu kayan miya.

Wallahi kamar ba garin da muka zo bara ba. Amalanke bayan amalanke na shigowa ta kowace kusurwa. Hatsi tsibi tsibi, dawa, wake fari da ja, gyaɗa, riɗi, yakuwa busassa. A kara ga jajayen awakin nan namu na Maraɗi, ga tumaki, ga shanu da raƙuma, dillalai na ta kai da kawo. Matan Fulani sun jera ƙore na nono da man shanu. Layin kaba kuwa, danye da saƙaƙƙe, sai da muka bi shi daga farko har ƙarshe muna tambaya, don mu tabbata kuɗin da muka yanka da matan gulbi ba a cuci kowa ba. Lokacin bukukuwa ne, iyayen amare na neman tabarmi da mai da kayan gara, kuma kuɗi na hannu don an sayar da amfanin gona.

Jarka biyu da suka rage sun ƙare kafin la'asar, ƙuli-ƙuli tun azahar. Amma ku ji wannan da kyau, kada wata ta ɗauka kaka ba ta da nata hali: mai ya fita da sauri, ribarsa kaɗan ce. Gyaɗa sabuwa ta cika gari, kowace mace na matsa, farashi ya sauka. Da bazara mai na da daraja ba mai kuɗin saye, da kaka ga masu saye daraja ta ragu. Wanda ya zo Mayahi da kaka don ya sayar kawai, zai koma ba yabo ba fallasa. Amfanin kaka yana wurin saye.

Don haka kuɗin man muka juya su wake. Matan da suka raka mu suka kai mu wurin ƴan uwansu da suka kawo nasu daga ƙauye, muka auna da tiyarmu, a gabansu, ba mai shiga tsakani. Mun duba wake ya bushe sarai, mun tauna mun ji ya yi ƙaras, mun ƙi wanda ya fara huji. Buhu 3 muka haɗa. Muka sayi buhunan PICS masu ninki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, waɗanda masu binciken INRAN na Maraɗi suka yi aiki a kansu tare da jami'ar Purdue ta Amurka. In an matse iska an ɗaure kowace leda daban, ƙwarin wake na mutuwa da kansu, ba sai an zuba magani ba. Sharaɗin kawai kada leda ta huje, kada a riƙa buɗewa, a kuma ɗora buhun bisa katako nesa da ɓera.

Mun hangi ɗan kasuwar nan na bara yana zagayawa. Ya zo ya taya, muka gaishe shi da mutunci muka ce an sayar. Mai masauki a gari, wanda abin hawansa ke ɗaure a ƙofar gida, ba ya sayar da kaya don tsoron faɗuwar rana.

Hanyar dawowa da lissafi

Talata muka koma ƙauyen gulbi, muka ƙara kwana biyu don shanu su huta, su kuma su ƙarasa ɗinki. Tabarma 40 suka tara mana, manya da ƙanana, har da na salla. Ma'ajiya ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta mai da uku da bakinsu bai ɗinku da kyau ba, aka canza ba tare da ɓacin rai ba. Kuɗin jarkar da muka bari sun biya rabi, rabi sai zuwa na gaba, an rubuta.

Dawowa ta fi zuwa wuya. Kaya sun yi nauyi, inda rairayi ya yi zurfi sai mu sauka mu taka, Inna kaɗai ke zaune. Ƙaya ta huda taya ɗaya, yaron ya kwance ta ya ɗauka a kai zuwa wani ƙauye neman mai faci, muka yi rabin wuni a gindin gawo. Wuyan sa ɗaya ya goge sai da aka shafa masa man shanu aka sa tsumma. Sanyin asuba ya fasa mana ƙafa da leɓe. Mun kwana Tasawa ranar Alhamis, Juma'a muka shiga gida, kwana 7 cif. Duk wadda za ta yi irin wannan tafiya ta san da wanda za ta bar wa yara da tukunya, don mu ma sai da ƴan ƙungiya suka karɓi girkin gidajenmu bi da bi.

Lahadi biyu muka yi muna kai tabarmi Tasawa, suka ƙare. Ranar zubi ma'ajiya ta tashi ta karanta lissafi: kuɗin gyaɗa, harawa da dusa, faci, ladan yaro da na mai shanu, goron masauki, buhuna. Bayan an cire duka, ribar tabarmi da ta mai ta rufe fiye da rabin ramin bara. Wake buhu 3 na ɗaki a ɗaure, mabuɗin na hannun mutum biyu. Ba mu ƙidaya shi riba ba tukuna, don ba a san yadda kasuwa za ta kasance ba sai an kai. Mun dai yanke cewa in bazara ta zo, ƴan ƙungiya masu neman iri su za a fara sayar wa, saura a kai kasuwa. Ma'ajiya da ta gama karatu ta rufe littafi ta ce, "To, Inna, iskar bana tamu ce." Inna ta ce, "Ta Allah ce, ɗiyata. Mu dai mun jira ta."

Ga ƴan uwa masu niyyar fita

Mun san akwai ƙungiyoyi a Korgom, da Urafan, da Hawandawaki, da wasu wurare, da suka taɓa kai kaya wata kasuwa suka dawo da ɓacin rai, suka rantse ba su ƙara zuwa. Kafin ku rufe maganar, ku zauna ku tambayi kanku: a wane wata muka je? Ƙarfe nawa muka isa? Wa muka sani a garin? Me mutanen wurin ke da shi a lokacin, me suka rasa? In amsar ita ce kun je da bazara, kun isa da azahar, ba ku san kowa ba, to ba garin kuka gani ba, wuni ɗaya kuka gani cikin shekara.

Ba mu ce kowa ta ɗaura shanu ba. Wadda hanyarta ke da nisa ko ba ta da kwanciyar hankali, ta shiga mota, amma ta je tun jajibiri ta kwana. Kada a fita da jarin da in ya faɗi akwati zai girgiza. A je da wadda ta fi kowa shakka, don idonta ya fi na mai zumuɗi gani. A riƙe tiya ta gida. Kada a yi tafiyar dare. Kafin komai kuma a nemi ƙungiyar mata ta wurin, don kusan duk inda kuka nufa a ƙasar nan akwai mata masu akwati irin naku, kuma abin da suka sani na kasuwarsu ba dillalin da zai faɗa muku shi.

Matan gulbi sun ce bayan salla su ma za su ɗauro amalanke su zo su ga Tasawa da idonsu, da tabarminsu, su sauka wurinmu. Mun fara tanadin masauki. Zumunta a ƙafa take. Ƙungiyar da ke son a haɗa ta da su, ko take da kayan da take ganin za su shiga can, ta yi magana a taron shugabanni mai zuwa.

Allah ya sa albarka a zubinmu, ya tsare mana akwati, ya ba mu damana mai kyau.